Bishiyoyi Biyar da Suka Fita Layi

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin matarsa Nives, kafin shi kansa ma ya yarda. Ina zaune a ƙofar gidana ina gyaran ƙotar fartanya sai na hango Onorio Dal Cin ya sauka daga kekensa a gindin gadar magudana, yana turawa da hannu. Tudun gadar nan ko jaririn da ya fara tafiya zai haye shi. Shekara talatin da huɗu mutumin nan ya yi yana raba wasiƙu a Borgo Santa Fosca, ko ranar ruwa da iska ban taɓa ganin ya sa ƙafa a ƙasa a wurin ba.

"Onorio! Keken ne ya tsufa ko mai keken?"

"Sarƙa ce ta saki, Kawu Tarcisio."

"Sarƙar wa? Matso in ga idonka."

Ya matso yana dariya, ni kuwa na kama haɓarsa na juya shi wajen rana. Farin idon ya koma kamar ƙwanduwar ƙwai. Na san launin nan. Na gan shi a idon maza da suka fi shi ƙarfi sau uku.

"Ka je asibiti," na ce.

"Kai da kake cewa asibiti na ragwaye ne?"

"Shi ya sa na ce ka je."

Sunana Tarcisio Zanovello, shekarata tamanin. Ban taɓa zama a aji ba, wannan ma Loredana 'yar Onorio ce take rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata in ta gyara min magana zan gane. Na zo wurin nan ina ɗan shekara ashirin, lokacin babu gari, babu coci, babu hanya, sai ruwa da laka da sauro. Mu goma sha biyu muka sauko daga arewa a jirgin ƙasa ɗaya, aka miƙa mana shebur da baro aka ce mu haƙa magudana mu kai ruwan teku. Goma sha ɗaya suna ƙarƙashin ƙasa. Ni kaɗai na rage, haƙorana goma sha tara, kuma har gobe ina ɗaga buhun masara. A shagon kofi in ana karta nakan ce musu ni sauro in ya cije ni shi ne yake kwanciya jinya. Shekara sittin ina faɗin haka, ba wanda ya taɓa musa min.

Onorio maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba mu. Tun da ya ajiye jakar wasiƙu ya ɗauko wata wahalar. Ya roƙi ɗaki ɗaya a tsohuwar makaranta ya cika shi da tarkacen mutanen farko: hotuna, garmar shanu, tukunyar polenta, tuwon masararmu, da ta huje, allunan lambar gidaje. Yana da rikoda da yake yawo da ita gida-gida, sai dai gidan da ake kiwon talo-talo, nan daga bakin ƙofa yake tsayawa ya yi kira, kamar yadda ya saba tun yana raba wasiƙu. Ƙato da shi, talo-talo ya kore shi. Ya cika kaset ɗari da arba'in da muryar tsofaffi. Goma sha ɗaya nawa ne. A ciki na kashe maciji mai tsawon gada, na ciro sa daga laka da kafaɗata, na yi kwana uku ina haƙa da zazzaɓi. Wasu ma gaskiya ne.

Kowa yana cewa tarihin gari yake tarawa. Ni na san abin da yake nema. Mutum ɗaya yake nema.

Ubansa Beniamino yana cikin mu goma sha biyu. A takardar kamfanin da ya kawo mu an rubuta a gaban sunansa: ya gudu daga aiki. Uwar Onorio, Assunta, ba ta yarda ba. Ta ɗauko shi yana ɗan shekara biyar ta biyo sawu, ta zauna tana wanke wa ma'aikata kaya, kowace Asabar ta tafi tashar jirgi ta tsaya tana duba fuskokin masu sauka. Haka ta yi har ƙafafunta suka daina kai ta. A makaranta yara suna kiransa ɗan magudu. Duk kaset ɗin da ya ɗauka, in aka gama, yakan kashe rikodar ya ce a hankali, "Ko ka san Beniamino Dal Cin?" Ni ya tambaye ni sau goma sha ɗaya. Sau goma sha ɗaya na ce, "Mutumin kirki ne. Wata safiya muka tashi ba shi."

Ya yi sati uku a asibiti suka dawo da shi. Likitoci sun buɗe cikinsa sun rufe, ba abin da za su iya yi. Nives ta sauko da gado ɗakin ƙasa, kusa da taga, inda zai riƙa ganin layin bishiyoyin turare da ke bin magudana har teku.

Mu muka dasa layin nan. Muna haƙa muna dasawa a baya, don su shanye ruwa su tare iskar teku. Da igiya ake ja, taku shida tsakanin kowace da 'yar uwarta. Ka tsaya a kan gada ka duba, miƙe yake kamar an ja da zare, sai a wuri ɗaya, bayan gonar Pavan, inda biyar suka fita layi da taku ɗaya wajen gabas. Onorio ya auna su da tef tun tuni, ya zo ya tambaye ni. Na ce ranar mun sha ne. Ya rubuta hakan a littafinsa.

A satin da ya dawo, wani mutumin birni da ya sayi gonar Pavan ya sa aka shafa wa bishiyoyin jan fenti, alamar za a sare su. Wani ɗan itace da ake kira kiwi zai shuka, wai inuwa za ta hana su nuna. Daga ranar na kasa zama. In zauna a ƙofa, in tashi. In je shago, in ajiye karta a tsakiyar wasa. In je gada in tsaya in dawo. Na gyara shingen da bai lalace ba. Na ɗebo wake na kai wa Nives, na koma na ɗebo wani.

"Kawu, wa zai ci duk wannan?" ta ce. "Ko dai ka shiga ka gaishe shi, ko ka daina zagaya min gida kamar karen da ya ɓatar da ƙashi."

"Ni ba na son warin magani."

"Kai da ka kwana da gawa a laka?"

Na dube ta da sauri. Ashe ɗaya daga cikin labaran kaset ɗina take maimaitawa.

Ranar Litinin da hantsi injin yanka ya fara kuka daga wajen teku. Kowace bishiya in ta faɗi sai kofunan da ke kan kantata su motsa. Na ƙirga goma sha huɗu, sannan na ɗauki hulata na tsallake shinge.

Onorio ya rame har zoben aurensa Nives ta ɗaure masa da zare. Rikodar tana gefen filo.

"Ga mai kashe macizai," ya ce. "Zauna, Kawu."

"A tsaye na fi jin daɗi."

"Kwana nawa za su kai bayan gonar Pavan?"

"Yadda yaran nan suke aiki? Wata guda. Mu a zamaninmu..."

"Jibi," in ji Loredana daga bakin ƙofa. "Na tambaye su."

Onorio ya ce ta miƙo masa jakar wasiƙunsa. Ya daɗe yana laluba, sannan ya zaro wata takarda, hoton tsohuwar takarda ne da ya samo a ma'ajiyar takardu ta birni.

"Ka san wannan?"

"Ka san ni da takarda ba ma gaisawa."

"Ta rabon kwinin ce, maganin zazzaɓi. Kowace safiya mutum ya karɓi ƙwaya ɗaya ya sa hannu. Ga layin Babana. Ya iya rubuta sunansa, ka gani, ga shi nan, ga shi nan, har sha ɗaya ga watan Satumba. Daga nan sai alama. Kwana goma sha shida, alama kawai." Ya ɗago takardar kusa da fuskata. "Wannan kam ka iya karantawa."

Gicciye ne irin na waɗanda ba su iya rubutu ba, amma da 'yar jela a ƙasa wajen dama. Tun ina yaro lauje ya yanke min jijiyar yatsa, ba ya lanƙwasawa, in na ja alama sai ya ja jela.

"Shekara nawa ina kawo maka takardar fansho kana sa min hannu?" ya ce. "Ko a mafarki na ga jelar nan zan gane ta."

"Yaushe ka samo wannan?"

"Shekara uku ke nan."

"Shekara uku! Kana zuwa gidana kana shan kofina kana sa ni ina ba ka labarin maciji?"

"Ina jira ka gama da macizan ne."

Wata bishiyar ta faɗi. Gilashin taga ya yi ƙara. Na je ƙofa, na dawo, na je taga. Nives tana tsaye da tawul a hannu.

"Kawu," ya ce, "ba kotu zan kai ka ba, ba ni da lokacin. Abu ɗaya nake so. Ya gudu ya bar mu ko bai gudu ba?"

Na gyara hulata a kai.

"Tashi," na ce. "Ba a ɗaki ake faɗin wannan ba."

"Ka haukace?" in ji Nives. "Mutumin da ko bayi sai an riƙe shi?"

"Nives, kawo min rigata," ya ce.

Loredana ta kai mu a mota har inda hanya ta ƙare. Daga nan sai gaɓar magudana, ciyawa da rami. Na ari baro a gidan Pavan, muka shimfiɗa bargo da filo biyu, muka ɗora shi, ƙafafunsa suna reto, rikoda a cinya. Ni na tura. Loredana ta ce in faɗi gaskiya, to, ta kama hannu ɗaya a wurin tudu, amma nauyin yana wajena. Bai fi buhun ƙaiƙayi ba. Ubansa ma haka yake ranar da aka tura gawarsa a kan gaɓar nan.

Na tsaya a gindin ta uku cikin biyar ɗin da suka fita layi. Mutum biyu ba za su iya rungume ta ba yanzu. Jan fentin yana daidai ƙirjina.

Ya danna rikodar. "Faɗi sunanka da ranar yau."

"Ka san sunana."

"Kaset bai sani ba."

Na faɗa. Sannan na faɗi sauran.

Ƙwaya ɗaya a rana ake ba kowa. Ɗaya tana tsare mai lafiya, amma wanda zazzaɓi ya riga ya kama sai uku, kuma ba a ba da uku. In ka ce ba ka da lafiya a sa ka a mota, kuma ba mu taɓa ganin wanda ya dawo ba. Sai muka zauna mu goma sha biyu muka yi alkawari. Duk wanda ya mutu ba za a faɗa ba. Mu binne shi ranar Lahadi in shugaban aiki ya tafi gari, mu haƙa rabonsa na magudana, wani ya amsa sunansa a tagar rabo. Akawun ba ya ɗaga kai, maza ɗari huɗu ne a layi, hannu kawai yake gani. Ƙwayar mamaci ta wanda ya fi jin jiki ce. Ba halin kafa gicciye, sai muka ce kowa za a dasa masa bishiyarsa a kansa, taku ɗaya daga layi, don mu gane.

"Wa ya kawo shawarar?" ya ce.

"Ubanka. Shi ne mai ilimin cikinmu."

"Kada ka yi min daɗin baki."

"Na rantse da kabarin uwata. Shi ya kawo ta, shi ne na uku da zazzaɓin ya ci. Lokacin ni ma ina kwance, haƙorana suna kaɗawa har ana ji daga waje. Kullum da safe mutum biyu su riƙe ni zuwa taga, in amsa nawa, in zagaya in amsa nasa. Da aka sauya akawu aka ƙirga mutane, aka ga biyar babu, sai aka rubuta sun gudu. Mu kuma muka yi shiru, don a lokacin ɗauri ne."

"A lokacin."

"A lokacin."

Ya miƙa hannu, Loredana ta matsa da baron har ya taɓa jikin bishiyar. Ɓawon yana saɓulewa, ya ɓare ɗan guntu ya riƙe.

"Kai ka ce ka kashe maciji mai tsawon gada," ya ce. "Ta yaya zan san wannan ba shi ba ne?"

Na san zai tambaya. "Ranar da zai cika, ba addu'a ya yi ba, zagin mai dafa polenta ya yi ta yi, wai ba gishiri. Can sai ya kama ni ya ce, Tarcisio, in an ba mu gidaje iyalina suka zo, kada ka bari a yi kiwon talo-talo kusa da su. Ya ce ranar da zai taho, kana biye da shi kana kuka, talo-talon kakarka ya biyo ka, ka faɗa kwamin ruwan shanu da sabon wandonka. Ya ce ya ciro ka, yana dariya, kai kuwa ka ƙi yi masa sallama saboda ya yi maka dariya. Abin yana damunsa."

Loredana ta dubi ubanta. "Baba, ba ka taɓa gaya mana ba."

"Ban taɓa gaya wa kowa ba," ya ce.

Sai ya fara dariya, irin wadda take ciwo, yana riƙe da ciki, ruwa yana bin gefen hancinsa. "Shi ya sa duk layinmu gidanka ne kaɗai babu talo-talo? Na ɗauka rowa ce."

"Shekara sittin ina cin Kirsimeti da kaza saboda kai."

"Ƙwayarsa nawa ka sha?"

"Goma sha shida."

"To ba su tafi a banza ba. Ƙwaya goma sha shida, surutun shekara sittin." Ya goge fuska da bargon. Injin ya yi shiru can ƙasa, sun tafi cin abinci. Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amma Mama fa, Kawu? Kana ganinta kowace Asabar tana wucewa ta ƙofarka."

Na buɗe baki. Na so in ce farko tsoro ne, daga baya kunya, daga baya kuma kowace shekara ta fi ta baya wuya. Na so in ce nakan ɓuya a bayan rumbu in ta fito. Ba ko ɗaya da ya fito. Kaset ya yi ta juyawa. Loredana ta ce wurin ya kai minti huɗu, ba a jin komai sai ganye. Ban ce a goge ba.

Shi ya kashe rikodar. "Faɗa wa Loredana sunayen sauran huɗun, bi da bi," ya ce. "Suna da jikoki a arewa. Sannan ka mai da ni gida, kuma ka kula da ramuka, ka tuƙa baro kamar maye."

Washegari Nives ta sa baƙar rigarta ta coci, ta ɗauki kujera, ta je ta zauna a gindin ta uku. Limamin coci ya zo, daga baya jami'ai suka zo da tef ɗinsu. Mutumin birnin ya yi ta faɗa a waya. Ba ni na shiga maganar ba, ni ina gidan Onorio. Wannan karon na zauna.

Bai ƙara tayar da zancen uwarsa ba, ni ma haka. Bai ce ya yafe ba, kada wani ya ƙara min abin da ba a faɗa ba. Ya dai sa Loredana ta je ɗakin makaranta ta ciro katin da ke ƙarƙashin hoton mu goma sha biyu ta kawo masa, ya soke kalma biyun da ke gaban sunan ubansa, ya gudu, da hannunsa, ya rubuta wasu a sama. Ya ɗauki kusan rabin awa. Sannan ya ce in sa hannu a ƙasa a matsayin shaida. Na ja alamata. Ya duba ya ce, "Jelar tana nan."

Ranar Juma'a wajen ƙarfe sha ɗaya ina bakin gadonsa ina ɓare wake a kwano. Yana kallon taga. Ya ce, "Haske ya yi yawa yanzu." Na ce ai sun sare na gaban gida. Na ɓare kwanso uku ko huɗu, na ɗago zan ce masa wani abu, sai na ga ya tafi. Wannan ma ni na fara gani. Na ajiye kwanon a hankali don kada ya yi ƙara, na kira Nives, ta zo ta buɗe tagogi duka.

An binne shi kusa da Assunta. Guntun ɓawon nan yana aljihun rigarsa.

Yanzu a shago in an ce, Tarcisio, ba mu labarin sauron da ya cije ka ya kwanta, sai in ce a raba karta. Wasu suna cewa tsohon ya ƙirƙiro sabuwa ce, ta fi ta macijin. To. Duk mai shakka ya zo gidana, ina da igiya, zan ba shi aro. Ya tafi bayan gonar Pavan. Sun sare layin duka daga teku har gada, ban da biyar ɗin nan, saura kututture a jere. Ya ɗaura igiyar a kan kututturen farko ya ja ta zuwa na ƙarshe, ya ga ko za ta taɓa biyar ɗin da suke tsaye. In ta taɓa ko ɗaya, ya dawo ya kira ni maƙaryaci a gaban kowa.

Ya je da yamma, lokacin da iskar teku take tasowa. Ba abin da yake tare ta yanzu, su biyar ɗin kaɗai take samu a fili, kuma tun daga kan gada ana jin ganyensu.